Kalkuletar Oga Manniru da Kabarin Mama a Jabi

Kubwa, Abuja,
19 ga Satumba, 1993.

Zuwa ga ƙanwata Justina,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, gaisuwar ɗan'uwa da ya yi shekara takwas bai sa 'yar'uwarsa a ido ba. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Leonard da yara, kuma aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Kowace safiya idan muka taru addu'a, Baba ba ya rufewa sai ya ambaci sunanki da sunan garin da kike. Har yau Baltimore ba ta zauna masa a baki ba, amma Allah ya san inda yake nufi. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku, ya sa sanyin da ke tafe ya zo muku da sauƙi.

Mu nan muna lafiya, sai gwiwar Baba da ke damunsa idan hadari ya haɗo. Duk da haka ba ya jin magana, kullum sai ya taka zuwa 'yar gonar da ya samu a bayan gari, kuma doyar bana ta yi kyau. Matata Helen ta je Ushafa sati biyu da suka wuce don ta taya mamarta aikin tukwane, ta dawo mana da randa sabuwa da wata ƙaramar tukunya da tsohuwar ta ce a ajiye miki. 'Yarmu Glory ta shiga aji uku, ta fara gyara mini Turanci. Kubwa kuwa ba za ki gane ta ba. Tun da gwamnati ta taso daga Legas mutane ke ta zubowa, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman aikin lebura, har a layinmu yanzu sai ki ji harshe huɗu kafin ki ji wanda ya gaishe ki da namu. Halin da ƙasa ke ciki kin ji shi a rediyo, ba sai na cika takarda da shi ba. Muna dai addu'a.

Wasiƙarki ta watan Yuli ta iso hannuna a ƙarshen Agusta, tare da shafi ukun nan da kika yanko daga littafin kantin, masu hotunan kalkuleta. Na gode ƙwarai da kika tuna da buƙatata. Na yi dariya inda kika ce kalkuleta ai kalkuleta ce, in nuna ɗaya kawai ki saya ki huta, kuma mai kantin ya ce miki ta Amurkar ita 'yan makaranta ke rububi. Na san na daɗe ban ba ki amsa ba. Ba raini ba ne. Sai da na yi sati uku ina juya maganar, kuma abin da ya faru a cikin sati ukun nan shi nake so in ba ki labari, don ya shafe ki kamar yadda ya shafe ni.

Kin tuna Oga Manniru, safiyon nan mai awon ƙasa, dogo, mutumin Malumfashi, wanda ya zo ƙauyenmu na Jabi da Landrover a shekarar 1980? Kina ƙarama lokacin, ke ce kika gudu bayan rumbu da kika ga ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, kika ce bindiga ce. Shi ya tambayi Baba ko akwai wanda ya san daji kuma ya iya karanta lamba, Baba ya nuna ni. Daga jan sarƙar awo da sare ciyawa na fara. Shi ya matsa mini na sake jarrabawa, shi ya cike mini takardar zuwa Kaduna na yi difloma, da na dawo kuma ya karɓe ni a ƙungiyarsa. Shekara goma sha ɗaya muna tare. A lokacin, inda yanzu ake ce wa tsakiyar birni, ciyawa ce ta fi mutum tsayi, da birai, da rafukan da muke tsallakewa da takalma a wuya. Mu kan tashi daga sansanin Suleja da safe, mu yini muna kafa bikon, wato tubalan simintin da ake binnewa a shaida iyaka, da rana mu zauna gindin ɗorawa mu ci gasasshiyar doya da manja. Idan lokacin sallarsa ya yi, ni ke riƙe masa lema a kan na'ura har ya idar. Na sha wahala a shekarun nan, amma idan na tuna su yanzu sai in ji kamar ban taɓa jin daɗin aiki irin na lokacin ba.

A 1987 aka tura shi kwas waje, ya dawo da kalkuleta 'yar Japan mai faɗin fuska, irin wadda ke zana layi a gilashinta. Ba mu taɓa ganin irinta ba. Abin da ya fi zanen ma, ana iya rubuta mata furogiram, wato jerin umarni da za ta riƙe a kanta. Kai dai ka ba ta awon da ka yi a fili, ita ta yi dogon lissafin da a da muke cinye rabin yini a kansa da littafin jadawalin lissafi. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, harafi ɗari huɗu da 'yan kai kawai take ɗauka, amma Oga ya cusa furogiram huɗu a ciki kamar mai shirya kaya a ƙaramin akwati: na nisa da fuskar da ke tsakanin wuri biyu, na rufe zagayen awo, na girman fili, da na kwanar hanya. Ina tuna ranar da ya nuna wa Baba yadda wata hanya za ta hau tudu ta sauka, layin yana fitowa a gilashin ɗigo bayan ɗigo. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ai bayan tudun da yake farautar gafiya ne, ya gane shi. Oga ya yi ta dariya, ya ce Baba ya fi injiniyoyi uku da ya sani.

Ciwon sukari ya taɓa masa ido tun wajen 1990. Da farko ya ɓoye, sai ya riƙa miƙo mini na'ura yana cewa in leƙa, wai yana so ya ga ko na iya. Daga baya ya daina ɓoyewa. Ya ajiye aiki wata biyu kafin ranar Alhamis ɗin nan ta Disambar 1991 da aka yi bikin dawo da gwamnati Abuja. Ranar na je Suleja na ɗauko shi, muka tsaya a bakin hanya cikin jama'a. Motoci suna wucewa a kan titin da shi ya fitar da tsakiyarsa da hannunsa, shi kuwa sai inuwa yake gani. Ya riƙa tambayata ko kwanar ta zauna daidai, ko motocin suna rage gudu a wurin. Na ce ba sa ragewa. Ya ce to madalla, haka aka so. A hanyar komawa ya zaro kalkuletar daga aljihun rigarsa ya ɗora mini a cinya.

Ita nake aiki da ita tun ranar. Amma ta tsufa, Justina. Layi biyu sun mutu a gilashinta, har lamba takwas kan koma kamar uku idan rana ta haske ta. A watan Maris saura kaɗan in binne bikon a cikin filin wani a Apo saboda haka, Allah ya sa abokin aikina Dominic ya sake duba lambar. Ga aiki ya yi yawa yanzu, kowace ma'aikata tana son filinta jiya, kuskuren mita ɗaya kuwa sai ya kai mutane kotu. Sannan a watan Afrilu na yi babbar wauta. Batirinta irin na agogo ne, guda uku masu kama da kwabo. Da suka yi sanyi na kai ta wurin wani mai gyaran agogo a kasuwar Wuse, ya cire duka ukun, muka tsaya hira yana neman sababbi a cikin gwangwani. Da ya mayar na kunna, babu komai a cikinta. Furogiram huɗun nan duk sun tafi. Kuma kunyar da ta fi wannan, a shekara shida da nake danna su ban taɓa kwafe su a takarda ba. Na zauna a bencin mai agogon nan na zuba wa kalkuletar ido, har mutumin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Asabar ɗin da ta biyo na tafi Suleja. Na sami Oga a zaure a kan tabarma, ya rame, amma muryarsa tana nan. Na faɗa masa abin da na yi, ina jiran faɗa. Sai ya ce in miƙo ta. Ya riƙe ta a tafinsa, babban yatsansa yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in fito da biro. Daga kansa ya karanto mini furogiram ɗin nan, harafi bayan harafi, ni ina rubutawa. Idan ya kakare sai yatsan ya yi ta motsi a kan maɓallan, can sai ya ce yauwa, ya ci gaba. Asabar biyu muka yi. Hajiya Hasana, matarsa, ta ce mini rabon da ta ji yana magana da ƙarfi haka tun yana aiki, ta kuma hana ni tafiya sai na ci tuwo. Yanzu na mayar da su cikin kalkuletar, suna kuma rubuce a littafi mai bango mai kauri, kuma na sake kwafe su a wani na ba Helen ta ajiye a akwatinta.

To, a nan ne wasiƙarki ta same ni. Bari in gaya miki yadda na fahimci ukun da kika aiko, bayan na karanta shafukan na kuma tambayi waɗanda suka taɓa riƙe su. Ta farko, 'yar Japan ɗin, ƙanwar kalkuletar tawa ce, gida ɗaya suka fito. Maɓallanta kusan a wuri ɗaya suke, kuma yaren da ake rubuta mata umarni kusan ɗaya ne, don haka zan iya zuba mata furogiram ɗin Oga yadda suke, da ɗan gyara kaɗan. Ƙwaƙwalwarta ta ninka ta tawa wajen sau goma. Amma wadda ke cikin hoton ba ta da ramin waya, wato duk abin da ke cikinta a cikinta kawai yake. Ta biyu, 'yar Amurkar, ƙwaƙwalwarta ta fi ta farkon nesa ba kusa ba, gilashinta ya fi faɗi, tana cin ƙananan batir huɗu irin na 'yar tocila da ake samu ko a Kubwa, da wani ƙarami a ciki mai riƙe mata tunani idan ana canja manyan. Tana da ramin waya kuma, ana haɗa biyu a juye furogiram daga wannan zuwa waccan. Sai dai yarenta daban ne, ko layi ɗaya na Oga ba za ta gane ba, sai an sake rubuta komai. Ta ukun, ta injiniyoyi, wani babba a ofishinmu yana da irinta. Ƙarfi gare ta, har kati ake sa mata, amma lissafinta a juye ake shigar da shi, lambobi tukuna sannan alamar tarawa, kuma littafinta ya kai kaurin bulo. Na ɗan taɓa ta na ga ba zan koye ta a tsakiyar wannan aikin ba. Na cire ta tun farko.

Zuciyata tana kan 'yar Japan. Na ma fara rubuta miki haka, takardar tana nan ban aika ba. Na ga mutumin da ya zauna Asabar biyu yana tono mini abu daga kansa, ba daidai ba ne in sayi na'urar da ba ta san yarensa ba. Na je na faɗa masa, ina tsammanin zai ji daɗi. Sai ya tambaye ni wacce Dominic yake da ita, na ce 'yar Amurka, wansa ya kawo masa. Ya tambayi sababbin yaran da aka ɗauka daga makarantar safiyo, na ce biyu daga cikinsu ma ita suke riƙe da ita. Sai ya ce, “Enoch, ni ne na makance ko kai?” Ya ce ofis guda ana juye aiki ta waya cikin minti ɗaya, ni zan zauna gefe da tawa ni kaɗai saboda wani tsoho a Suleja. Ya ce ranar da tawa ta sake mantuwa, wa zai karanto mini, tunda shi ba zai dawwama a zauren nan ba. Na ce ai suna rubuce. Ya ce rubutun da ban san dalilin kowane layi a cikinsa ba, ba nawa ba ne, aro nake yi. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ya ce in aro ta Dominic in juya furogiram ɗaya zuwa yarenta da kaina, in gwada a fili. Idan na kasa, in sayi 'yar Japan da albarkarsa.

Dominic ya ba ni aronta na sati guda tare da littafinta. Kwana huɗu ina fama bayan an tashi aiki, har na juya na farko, na nisa da fuska. Sai batun inda zan gwada shi. Ban so in gwada a filin aiki ba, kuma akwai wani awo da ya daɗe yana raina, wanda ban taɓa gaya miki ba don kada in tayar miki da hankali daga nesa.

A 1990, sati guda kafin a kwashe mu daga Jabi zuwa nan, Oga ya zo gidanmu ranar Asabar da na'urarsa, ba aikin ofis ba, ba wanda ya aiko shi. Ya ce wa Baba gidaje za su tafi, itatuwa za su tafi, amma lamba ba ta tafiya, a nuna masa kabarin Mama. Ya kafa na'urar a kan wani bikon kusa da dam, Baba da kansa ya riƙe sandar awo mai ja da fari a kan kabarin. Da aka gama Oga ya tako har wurin, ya tsaya ya yi mata addu'a irin tasu, mu muka yi irin tamu. Ya rubuta kusurwa da nisa a bangon baya na Littafi Mai Tsarkin Baba: digiri arba'in da bakwai da minti hamsin, mita ɗari shida da goma sha biyu. Tun da muka taso ban koma ba. Na sha wucewa a mota ina kau da kai.

Ranar Asabar ta farkon watan nan na ɗauki na'urar ofis da izini, Dominic ya raka ni. Justina, babu ƙauyenmu. Na san haka, amma sani daban, tsayawa a wurin daban. Gireda ta bi ta kai, jar ƙasa ce shimfiɗe, ciyawar damina ta fara rufe ta. Mangwarorin bayan coci babu, dutsen da kuke niƙa a kai babu, hanyar rafi babu. Dam ɗin ne kawai yake kwance yadda yake. Bikon ɗin da Oga ya tsaya a kai ma an tumɓuke shi, amma lambobinsa suna cikin rajistar ofis, don haka sai an lissafo wurin kabarin daga gare su, sannan a nemo shi daga wani bikon da ya tsira. Aikin furogiram ɗin ke nan. Na yi da tsohuwar, Dominic ya ja tef ya kafa turke. Na yi da sabuwar, ya ja ya kafa wani. Tsakanin turakun biyu mita uku da rabi. Na sake, haka. Na sake sau uku. Na tsaya ina kallon turaku biyu, ban san a ƙarƙashin wanne uwata take ba. Dominic ya ce mu tafi, hadari ya taso.

Washegari bayan sujada na wuce Suleja. Na karanta wa Oga abin da na rubuta layi bayan layi, ya ce babu kuskure a ciki. Ya ce in faɗa masa abin da na danna a fili, da bakina, yadda na danna shi. Na ce arba'in da bakwai, ɗigo, hamsin. Sai ya yi murmushi ya jingina da bango. Na ce ya faɗa mini, ya ce ba zai faɗa ba, na san amsar tun ina jan sarƙa, in je in tuno. Na fito raina a ɓace, na ga kamar wasa yake da abin da ba na wasa ba.

A cikin bas, mun wuce Zuba kaɗan, abin ya faɗo mini. Minti sittin ne a digiri, ba ɗari ba. Minti hamsin ya kusa cika digiri, ni kuwa na ba na'urar ɗigo hamsin, ta ɗauka rabin digiri nake nufi. Tsohuwar tana da wani ɗan maɓalli da ake dannawa tsakanin digiri da minti, ita ke juyawa da kanta. Shekara shida yatsana yana danna shi, har na manta akwai abin da yake yi. Sabuwar ba ta da shi a fuskarta, nata yana can ciki sai an nemo. Ba laifinta ba ne, ba na Oga ba ne, nawa ne. Matar da ke kusa da ni ta ga ina dariya ni kaɗai ta ɗan matsa. Da na iso gida ban ko cire takalmi ba, na zauna na ƙara layi uku a furogiram ɗin, yadda zai tambayi digiri daban, minti daban, sakan daban, ya haɗa da kansa. Su ne layukan farko da na taɓa rubutawa waɗanda ba wanda ya karanto mini.

Asabar ɗin da ta wuce muka koma, wannan karon da Baba. Da na gaya masa inda za mu, sai ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta zuwa coci. Na yi lissafin da na'urorin biyu, suka faɗi wuri ɗaya, tazarar ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Turken farko ne daidai. Baba bai yarda da mu haka nan ba. Ya yi ta zagaye da sandarsa yana tona ciyawa, har ya sami kututturen ɗorawar nan da ke gabas da kabarin, wanda gireda ta yanke daidai ƙasa. Ya tsaya a kansa, ya fuskanci yamma, ya taka yana ƙirgawa da harshenmu. A taki na goma sha ɗaya ƙafarsa ta taɓa turken. Ya cire hula. Mun daɗe a wurin. Ya yi wa Mama magana kamar tana zaune, ya ba ta labarin Kubwa da doyar bana, ya ce mata Justina tana ƙasar Turawa tana duba marasa lafiya, ta haifi biyu, babbar mai sunanta ce. Dominic ya koma can wajen mota ya ba mu wuri.

Don haka, ƙanwata, 'yar Amurkar za ki saya, ta shafi na biyu, wadda na zagaye da jan biro na mayar miki a cikin ambulan ɗin nan. Ki tabbata mai ramin waya ce a ƙasanta, don na ji akwai wata tsohuwar irinta mai kama da ita sosai wadda ba ta da shi, kada mai kanti ya ba ki ita. Ki ce ya haɗa da wayar da littafin, littafin ya fi mini komai. Batir kada ki wahalar da kanki, sai dai ƙaramin nan na ciki, idan da hali ki sa guda biyu. Kada ki aiko ta gidan waya. Kin ce Sista Margaret za ta zo ganin gida a Nuwamba, ki ba ta, ni zan je Kaduna in karɓa. Kafin ta iso zan juya sauran ukun a takarda, na riga na fara na girman fili. Na aika wa Oga cewa na gano, ya aiko a ce mini ya sani. Tsohuwar kuwa zan mayar masa. Ba zai ga gilashinta ba, amma na lura hannunsa yana nemanta idan muna hira.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Na duba taswirar ofis. Wurin da Mama take ya faɗa cikin wani fili da aka riga aka ba wani, kuma na ji yana shirin sa harsashi da zarar ruwa ya ɗauke. Ban san shi ba, ba na kuma riƙe shi da komai, takarda aka ba shi kamar kowa. Na tambayi Baba ko mu nemi izini mu ɗauke ta zuwa nan, ya ce a'a, a ƙasarta take, shi ne baƙo. Abin da ya roƙa ɗaya ne, ya ce in rubuta miki da kalmominsa: ki zo ki tsaya a wurin da ƙafarki tun ana ganin ƙasa. Na san hanya da nisa, na san aiki da yara, ba kuma zan matsa miki ba. Amma idan akwai yadda za ki yi ki biyo Sista Margaret, ki yi. Bayan Kirsimeti ban san abin da zan nuna miki ba sai katanga.

Baba yana gaishe ki, yana sa muku albarka. Helen tana gaishe ki da kyau, ita da mamarta da dukan mutanen Ushafa. Glory ta ce a gaya wa Anti tana son hoton dusar ƙanƙara. Oga Manniru da Hajiya Hasana sun ce in gaishe da yarinyar bayan rumbu. Dominic ma yana gaisuwa, ko da yake bai san ki ba. Ki gaishe mini da Leonard, ki ce na gode da haƙurinsa da hidimar danginmu, ki shafa mini kan yara. Allah ya kiyaye ku, ya sada mu da alheri.

Ni ne wanki,
Enoch Yamusa.